Ƙafar Bayan Motar Sabiru

Unguwar Kusugu,
Daura.
Litinin, 6 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga maiɗakina Madina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da 'yarmu Auta da maigidanta da amaryata Khairunnisa. Yaya jikin Auta? Ɗinkin tiyatar ya daina damun ta? Tana samun cin abinci sosai? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raya mana abin da aka samu. Idan kin tambayi tawa lafiyar, sai godiya.

Saƙonki ya iso ta hannun ƙanenki Sabiru, takarda da ƙullin dabino. Na karanta faɗan da kika yi min a kan cin abinci a tsaye a gareji, na kuma ji. Ƙanwata Rabi ba ta fasa aiko da tuwo ba, sai dai miyarta ba ta kai taki ba, kada ki gaya mata. An gama yankan geron gonar hanyar Zango, ya fi na bara kyau. Jar akuyarki ta haifi biyu ranar Alhamis. Gidan dai ya yi min faɗi. Yau kwana ashirin da uku da tafiyarki Kano, har yanzu idan na shigo sai na yi sallama na tsaya jiran amsa.

Shekaranjiya Asabar Sabiru ya kawo min motarsa gareji. Ya ce bayanta yana yi masa lilo idan ya ɗauki gudu, kuma yana jin gurnani daga ƙafar baya ta dama tun daga Kazaure har gida. Na duba tayar, na ga ta cinye ta ciki, ta waje kuwa da sauranta. Na sa jak na ɗaga, na kama tayar sama da ƙasa na girgiza, sai ga ta tana rawa har da ƙara. Da na juya ta kuma tana gurza kamar dutsen niƙa. Na ce masa boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu, waɗanda kika sha ganina ina wankewa da fetur a tsohuwar tasa. Na kwance, na tarar kuwa ya cinye, giris ɗin ya bushe ya koma kamar ƙasa. Na sa sabo, na ɗaure, na sake girgiza tayar, ban ji komai ba. Na ce masa ya tafi, Allah Ya kiyaye hanya.

Kin san halin ƙanen naki. Tun ina kwancewa yake tsaye a kaina yana duba agogo, wai layinsa zai wuce a tasha. Ko hannu ban gama wankewa ba ya tayar da mota.

Aikin dai ya ɗan ba ni wuya. Abin da na saba gamawa kafin azahar ya kai ni la'asar, noti ya suɓuce min har sau uku, ɗaya sai da na tona ƙasa na nemo shi. Ina jin gajiyar girbi ce.

Wata alfarma nake nema. Ki riƙa karanta takardun nan da kanki, kada ki ba Auta ta karanta miki. Ba a banza kika yi shekara uku a ajin yaƙi da jahilci ba, ita kuma mai jego ta fi buƙatar hutu.

Ki gaishe min da surukinmu, ki ce ina godiya da ɗawainiya. Ki shafa min kan yarinya.

Ni ne mijinki,
Mainasara.


Unguwar Kusugu,
Daura.
Alhamis, 9 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga maiɗakina Madina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, ke da mai jego da jaririya da mutanen gidan duka. Allah Ya sa haka, amin.

Za ki ga wannan takarda ta zo ta hannun Mati direba, ba ta hannun Sabiru ba. Kada hankalinki ya tashi, lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya same shi. Amma ba ya yi min magana, kuma gara ki ji dalili daga bakina kafin ki ji a bakin wasu.

Yau da safe, muna fitowa daga masallaci, Mati ya ja ni gefe. Kin san shi, dattijon nan mai furfura da yake layin Kano tare da Sabiru. Ya ce jiya ya biyo bayan motar Sabiru tun daga Kazaure, ya ga tayar baya ta dama ta kwanta, kanta ya karkata ciki, kuma duk kwanar da suka sha sai ta yi kamar za ta fita ta bar motar. Ya ce ya yi masa magana da suka iso, Sabiru ya ce ai Yaya Mainasara ne ya gyara da hannunsa, ba abin da zai faru.

Madina, da na ji wannan magana sai da na nemi dakali na zauna. Sunana ne yake ɗauke da mutane a kan titi.

Na hau acaɓa na tafi tasha. Na tarar motar ta cika, an ɗaure kaya, Sabiru yana shirin shiga. Kin san yanzu a tashar nan mata ake sawa a kujerar baya. Su huɗu ne, ɗaya da yaro a cinya, kuma ita ce a gefen dama, daidai saman tayar. Na ce wa Sabiru a hankali ya sauke mutanen nan ya biyo ni gareji. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Da ya ga ba wasa a fuskata sai ya ce, "Yaya, ba kai ka gyara ba? Ba kai ka ce in tafi ba?" Na ce ni na gyara, kuma ni nake cewa ban amince da gyaran ba.

Kafin ki ce me, an taru a kanmu. Sabiru ya fusata, ya buɗe but ya ciro jak, ya sa mutanen suka fito, ya ɗaga motar a gaban kowa. Ya ce, "To ga ta nan, nuna mana." Na durƙusa, na kama tayar sama da ƙasa yadda na yi shekara talatin da huɗu ina yi, na girgiza. Ban ji komai ba. Na kama gaba da baya na girgiza. Ban ji komai ba. Ya ce wa mutane kun gani.

A nan ne na faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har ke. Na ce, "Rashin jin da na yi ba shaida ba ce, domin hannuna ba ya ji."

Ki yi haƙuri. Tun farkon damina yatsuna suka fara mutuwa. Da farko kamar ana tsira min allura, daga baya suka koma kamar na sa safar hannu mai kauri. Tafin ƙafata ma haka. Kin tuna ƙunar da kika gani a bayan hannuna, na ce miki ganganci ne? Jikin salansa na jingina hannun, ban sani ba sai da na ji ƙauri. Na ɓoye miki don kina cikin zullumin cikin Auta, na ɓoye wa mutane don bakanike da hannunsa yake ci. Yau ga shi 'yan tasha da masu sayar da rake sun riga matata ji. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Mati ya durƙusa ya girgiza tayar, ya ce akwai motsi, amma kaɗan ne. Wasu direbobi suka ce ai kowace motar haya tana da irin wannan, a bar yaro ya nemi abincinsa. Shugaban tashar ya saurari kowa, sannan ya ce tunda wanda ya yi gyaran ya janye maganarsa, motar ba za ta yi lodi ba sai ya gamsu. Aka mayar da fasinjojin zuwa motar da ke biye. Matar nan mai yaro ta yi ta faɗa, ta ce asibiti za ta kai shi, mun ɓata mata lokaci. Tana da gaskiya.

Sabiru ya sauke jak, ya dube ni ya ce na tozarta shi a wurin sana'arsa, kuma in ciwo ne da ni in tafi asibiti, in daina kashe wa mutane kasuwa. Yaron da na goya a wuya ranar da aka kawo ki gidan nan. Ban riƙe shi ba, zafin rai ne. Da la'asar ya kawo motar gareji, ya ajiye makulli a kan benci ya tafi, ko sallama babu.

Yanzu ga abin da ke damuna. Idan na bincika ban sami komai ba, na zubar da mutuncinsa da nawa a banza. Idan kuma na samu, to kwana huɗu ke nan yana ɗaukar rayuka a kan maganata. Ban san wanda zan roƙa a cikin biyun ba. Kuma ba zan iya binciken ni kaɗai ba, sai na ari hannun wani. Mutum ɗaya ne na yarda da hannunsa a ƙasar nan, kin kuma san ko wane ne, kin san yadda muka rabu.

Ko da Sabiru ya zo da motar, ko wa ya ce miki an gyara, kada ku shiga sai kin ga takardata. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mainasara.


Unguwar Kusugu,
Daura.
Lahadi, 12 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga maiɗakina Madina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Yaya Auta da yarinya? Yaya haƙuri da ni? Takardarki ta same ni jiya. Na karanta ta sau uku. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ba ni da bakin kare kaina. Kin ce shekara talatin da ɗaya kina wanke hannun nan da ruwan ɗumi idan ya tsage, amma da ya mutu sai a tasha za a sanar. Na karɓi laifina. Asibiti kuma na yi miki alkawari, ranar Talata zan je.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi Zango wurin Nu'uman. Shekara bakwai ke nan rabon da mu zauna wuri ɗaya. Kin tuna, shekara goma sha ɗaya ya yi a hannuna yana koyon aiki, rana ɗaya ya manta bai ɗaure notin taya ba, na ci mutuncinsa a gaban mai mota, na ce wanda hannunsa bai jin noti ya je ya nemi wata sana'a. Washegari bai zo ba, ni kuma girman kai ya hana ni aikawa. Yanzu ya zama magidanci, har da furfura a gemu, garejinsa ya fi nawa cika. Duk hanya ina shirya abin da zan ce. Da ya hango ni sai ya ajiye sufana ya taho ya durƙusa ya gaishe ni. Labarin tasha ya riga ni isa, na gani a idonsa, amma bai ɗaga maganar ba. Na ce ina son ya ara min hannunsa na yini ɗaya. Ya ce, "Maigida, ƙarfe nawa?"

Jiya Asabar da hantsi ya iso. Na aika aka kira Sabiru, na ce motarsa ce, dole a yi a gabansa. Ya zo ya tsaya nesa, ya harɗe hannu.

Bari in gaya miki yadda aka yi dalla-dalla, don ki san inda na yi kuskure. Muka ɗaga motar, muka tokare ta da kututture. Nu'uman ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya rufe ido, ya ce akwai rawa, ba ta da yawa amma tana nan, kuma ba irin ta boris ba ce, mai nauyi ce, kamar daga nesa take zuwa. Na ce wa Sabiru ya shiga ya taka birki ya riƙe. Dalili kuwa, idan aka taka birki, taya tana manne wa ƙarfen da ke bayanta. In boris ne ya yi sako-sako, rawar za ta ɗauke. In ba ta ɗauke ba, to ciwon yana can ciki, a jikin abin da ke riƙe da ƙafar gaba ɗaya. Sabiru ya taka, Nu'uman ya girgiza. Rawar tana nan yadda take.

Madina, wannan gwaji ne da nake koya wa yara a shekararsu ta farko. Ranar da na sa boris ban yi shi ba. Ba mantawa na yi ba. Yana buƙatar mutum biyu, ɗaya a birki ɗaya a taya, ni kuma ba na son a tsaya ana kallon hannuna. Tsohon boris ɗin ya lalace da gaske, rawarsa mai yawa ce har kurma zai ji, ita ta rufe ƙaramar da ke ƙarƙashinta. Da na kawar da babbar, sai ƙaramar ta rage, ni kuma ba ni da yatsun jin ta.

Muka ci gaba. Na sa dogon ƙarfe na banƙara wajen robobin da ke riƙe da babban ƙarfen baya a jikin mota. Sun tsufa, amma ba su ne ba. Shokazoba tana ɗigar mai, ita ma ba ta isa ta kwantar da taya ba. Muka duba notocin da suka ɗaure sandar da taya ke juyawa a kai, duk huɗun a ɗaure tam. Har azahar ba mu ga komai ba. Sabiru ya fara tsaki yana cewa a sauke masa motarsa. Ni kaina na fara tunanin ko na zalunce shi.

Bayan mun yi salla na ce a cire tayar gaba ɗaya, ni zan shiga ƙarƙashi. Hannu ya mutu amma ido yana nan. Na kwanta da tocila, na ce Nu'uman ya zura bututu a sandar ya danna da ƙarfinsa kamar nauyin fasinja. Yana dannawa sai na ga wani busasshen laka a jikin hannun babban ƙarfen baya, dab da inda sandar take, ya tsage ya buɗe baki, da ya saki kuma ya rufe. Na ce a kawo fetur da burushi. Muna wankewa sai ga baƙin giris an shafe wurin da shi, a ƙarƙashin giris ɗin kuma walda. Wani ya taɓa yi wa ƙarfen walda, waldar ta sake tsagewa, tsagar ta zagaye fiye da rabinsa. Abin da ya rage yana riƙe da tayar bai kai faɗin yatsu biyu ba.

Nu'uman ya leƙo ya gani, ya yi salati. Ya ce rami ɗaya mai kyau ya ishe ta.

Na fito na zauna a ƙasa. Fuskar matar nan mai yaro kawai nake gani. Na kira Sabiru na ba shi tocila. Ya shiga, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito bai dubi kowa ba. Na tambaye shi wa ya yi waldar, har sau biyu. Sai ya ce a watan Agusta ne, ya ɗauko buhunan hatsi fiye da ƙima daga wani ƙauye, ruwa ya rufe wani rami ya faɗa. Wani mai walda a bakin hanya ya liƙe masa, shi kuma ya shafe da giris da hannunsa, don ya san in na gani zan ce sai an canja ƙarfen gaba ɗaya, motar ta yi kwanaki a ajiye. Ya ce wallahi ya ɗauka waldar ta kama, da ya ji gurnani ya yi murna da na ce boris ne.

Na so in yi masa faɗa irin wanda na saba. Na buɗe baki, sai na ga Nu'uman a tsaye yana goge hannu, na tuna abin da faɗana ya taɓa jawo min. Kuma da wane baki? Shi ya ɓoye tsagar ƙarfe, ni na ɓoye mutuwar hannu, mu biyu muka haɗu muka ɗora mutane a kai. Abin da na ce masa ke nan. Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ya juya ya fita.

Nu'uman ya ce akwai wanda ya sani a Kano mai sayar da irin ƙarfen, na hannu amma lafiyayye, zai sa a kawo. Na raka shi bakin titi, na ce ya yafe min maganar shekara bakwai. Ya ce ya daɗe da yafewa, kuma tun ranar bai sake barin noti a kwance ba.

Kada ki aiko wa Sabiru da faɗa. Abin da ya gani da tocilar nan ya ishe shi. Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Mainasara.


Unguwar Kusugu,
Daura.
Alhamis, 23 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga maiɗakina Madina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku barka da arba'in. Allah Ya ƙara wa Auta lafiya, Ya raya Khairunnisa, ke kuma Ya saka miki da alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, takardunki biyu duk sun iso. Ina jiran in sami tabbataccen abin da zan gaya miki ne.

Na je asibiti kamar yadda na yi alkawari, sun ɗebi jini, na koma sau biyu. Ciwon suga ne. Likitan ya ce ya daɗe a jikina, shi ne ƙishirwar nan da ramar da kike ta magana a kai, shi ne kuma ya taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Na tambaye shi ko jin zai dawo. Bai yi min ƙarya ba. Ya ce in na kiyaye magani da abinci za a iya tsayar da shi inda yake, amma abin da ya tafi da wuya ya dawo duka. Ya hana ni shayi mai sukari da fura mai yawa, ya ce in riƙa duba tafin ƙafata kullum ko na taka wani abu ban sani ba. Azumi kuma saura 'yan kwanaki, ya ce in dawo mu yi magana kafin in ɗauka. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban taɓa shan azumi ba. Wannan ma yana raina, amma na bar wa Allah.

Da na fito na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a harabar asibitin, na daɗe ina kallon hannuwana. Ba su canja ba ko kaɗan, ga kanta, ga baƙin mai a ƙarƙashin farce. Na yi kuka, Madina, ba zan ɓoye miki ba. Na gama ɓoye-ɓoye.

An kawo ƙarfen ranar Litinin. Nu'uman ya ɗaura, ina zaune ina kallo. Muka canja robobin da shokazoba da tayar da ta cinye. Muka yi gwajin birki, ba rawa. Muka loda buhunan gero shida a baya, ya ja motar zuwa hanyar Zango, ni ina biye a bayan acaɓa ina kallon tayar. A tsaye take cak, har muka je muka dawo. Na je tasha da kaina na gaya wa shugaban na gamsu. Tsohon ƙarfen kuma Sabiru ya ɗauka ya kai tashar, ya jingine shi a jikin rumfar direbobi inda kowa zai ga tsagar. Ba ni na sa shi ba. An ce direbobi uku sun kai motocinsu a duba.

Maganar gareji, ba zan rufe ba, amma na daina sallamar mota da hannuna. Wasu masu motoci sun janye, ban ga laifinsu ba. Nu'uman ya ce in riƙa zuwa Zango ranar Litinin da Alhamis ina duba masa ayyukan da suka gagara, shi kuma ya riƙa zuwa nan yana gwada min nawa. Na san taimako ne ya sa masa rigar neman shawara. Na karɓa. Ban san yadda abin zai kasance ba, ina tsoron ranar da idon ma zai bi hannun, likitan ya ce ciwon yana taɓa ido. Idan kin dawo ma zauna mu yi shawara, wannan karon tun daga farko.

Jiya da yamma Sabiru ya yi sallama a zaure. Ya shigo da rabin buhun alkama a kafaɗa, wai an gaya masa ita masu suga ke ci. Ya ajiye, ya durƙusa. Na ce ya tashi, komai ya wuce. Ya ce jibi Asabar ba zai yi lodi ba, shi zai je ya ɗauko ki, in na yarda. Na ce na yarda, kuma da ni za a je. Saboda haka ki shirya kayanki, in sha Allahu kafin azahar muna ƙofar gida. Wannan ita ce takardar da na ce ki jira.

Abu ɗaya nake roƙo, ki gaya wa Auta tun yanzu don kada ta ji wani iri. Idan na shigo, kada a miƙo min yarinyar ina tsaye. A bari in zauna a tabarma tukuna, sannan ki ɗora min ita a cinya, ki bar hannunki a ƙarƙashin kanta.

Sai mun zo.

Ni ne mijinki,
Mainasara.